Aikin da ƙanena yake yi a bayan rumbu

Shekarar da ƙafafun Inna suka daina ɗaukarta, ƙanena ya tattaro kayansa daga Sakkwato ya dawo gida. Ya ce kamfanin da yake wa aiki, masu sayar da sola, sun yarda ya riƙa yi daga duk inda yake, in dai waya na kamawa. Na ji daɗi, don ɗaga Inna ya fi ƙarfina ni kaɗai, amma zancen bai kwanta mani ba. Ina aka taɓa biyan ƙato albashi yana zaune gidan uwarsa?

Wuri ɗaya waya ke kamawa a gidanmu, bayan rumbun gero, jikin katangar maƙwabta. Nan ya dasa benci. Da ya gyara wa Inna shimfiɗa ya ba ta koko, sai ya ɗora kwamfuta a cinya, ya toshe kunnuwa, ya shiga magana da mutanen da ba mai ganinsu.

"Wane gari kake? Ɗaki nawa ag gare ka? Akwai firij? Gidan naka kusa da mi yake?"

Haka zai wuni. A wani gari wannan tambayar ciniki ce. A namu kuwa, har yaro ya san mutanen daji ba sa shigowa da ka, sai wani na cikin gari ya buga masu waya ya ce wane ya sayar da shanu, gidansa na kusa da kaza. Ga damina ta zauna, duk namiji mai lafiya yana gona, mu kuma namu yana bayan rumbu yana tambayar mutane abin da suka mallaka.

Ni na shekara da shekaru ina ƙuli da man gyaɗa a cikin gidan nan, ba wanda ya taɓa tuhumata, don ƙamshi ke fita ya yi mani shaida. Nasa aikin ba hayaƙi, ba ƙamshi, ba ko kanta a hannu. Ni kaina na sha laɓewa da faifai ina saurare. Ranar da abin ya ishe ni na tsare shi.

"Kai, hwaɗa man gaskiya. Su wa ka biyanka?"

Ya yi dariya ya juyo mani da kwamfutar. "Yaya, ga shi, duba. In ban san kayan da mutum ad da su ba, ƙaƙa za ni san solar da za ta ishe shi?"

Na duba, Turanci ne da lambobi. Na ce na gani, alhali ban ga komai ba.

Matar maƙwabcinmu ce ta fara daina aikowa sayen ƙuli. Daga nan in ya yi sallama a majalisa sai hira ta mutu. Ana cikin haka aka ɗauke wani mai shago a hanyar Kamarawa, aka kuma ce akwai sola a kan rufin shagon. Ba ta kamfaninsu ba ce, amma wa zai tsaya bambancewa?

Bayan kwana kaɗan kawunmu ya zo da hantsi, ko ruwa bai sha ba. Ya ce 'yan sa-kai sun tambaye shi sunan yaron da ba ya zuwa gona. Na san yadda irin tambayar nan take ƙarewa.

"Ka ɗauki hauya ka bi mutane, ko da hwankama ta," in ji kawu.

"Kawu, da sahe anka hi kira. In ban ɗauka ba sallamata za su yi."

"To hito da abin zaure, kowa shi gani."

Ya gwada. A zaure waya ko motsi ba ta yi.

Inna na jin mu daga ɗaki. Ta kira shi, ta sa ya zauna a bakin gado.

"Gobe ka koma Sakkwato."

"Inna, wa za shi ɗaga ki?"

"Wadda ta ɗaga ni kahin ka zo. Na hi son in ji muryarka daga nesa da a kawo man rigarka."

Ya yi ta roƙo, ta juya fuska bango. Washegari ya bi motar kasuwa. Haushin garin nan ya cika ni, har da su waɗanda ban ji sun ce komai ba. Ya kama ɗaki a Sakkwato ya ci gaba da aikinsa, can ba wanda ya damu da abin da yake faɗa a waya.

Inna ta rasu ana yankan gero. Hanya ba lafiya, bai iso ba sai bayan an kai ta. Ya shigo ɗakina idanunsa jajur, ya zaro wayarsa a kashe ya miƙo mani.

"Yaya, ɓoye man. Kar a gan ni da ita wurin zaman makoki."

Na tura ta ƙasan kwandon ƙuli na rufe. Ya fita ƙofar gida, ya zauna a tabarma cikin mutanen da suka kore shi, yana amsa gaisuwarsu.