Layin Keken Kawu Sajan

Ku da kuka san Kawu Sajan Bawa, kun taɓa ganin ya shiga ƙofar gidansa a kan keke bai miƙa hannu ya ba da sigina ba? Ko akuya babu a bayansa sai ya miƙa, sannan ya karya kwana. In ka yi dariya ya ce, "Oda oda ce!"

Shekarar da 'yan kabu-kabu suka cika Zuru da babura, wani daga cikinsu ya watsa shi cikin kwata. Matarsa, Inna Laraba, ta rantse in ya sake faɗuwa za a raba shi da keken, ta kuma sa ni, 'yar ƙanwarsa, shaida. Kawu ya ce ai laifin gari ne, wai da ya je kwas ƙasar Turawa keke hanyarsa daban. Washegari ya dama farar ƙasa a bokiti, ya ɗauki tsintsiya, ya ja layi a gefen titi tun daga gida har kasuwa.

Mako guda babu wanda ya tsallaka! Kawu sai hura hanci yake: "Kun ga tarbiyya?" Ashe mutane sun ɗauka asiri ne. Wani ɗan kabu-kabu ya tare shi ya ce: "Baba, in na taka, mi za ya same ni?" Kawu ya daka tsawa: "Gadurum!" wato ɗakin da ake kulle soja mai laifi. Bawan Allah ya koma tasha ya shaida wa abokan sana'arsa wai sunan aljanin layin Gadurum.

Da tsoro ya lafa, mata suka lura babu abin da ke bi ta wurin, suka baza shanyar barkono. Kawu ya iso ya ci birki. "Wa ya yi fakin ɗin barkono a hanyata?" Wata ta ce, "To Sajan, bi ta kai mana." Ya ce, "Soja ba ya taka abinci!" Haka aka yi ta yi, barkono a layin keke, mai keke a tsakiyar motoci yana atishawa.

Atishawar ce ta kayar da shi, kuma ni aka aika in ɗauke keken. Bai yi gardama ba. Sukudireba kawai ya nema, ya kwance ƙararrawar ya sa a aljihu. Kullum da safe ya bi layinsa da ƙafa yana kaɗa ta, matan nan kuwa su janye masa barkono, babu mai dariya.

Damina ɗaya ya ƙara a duniya. Na ɗauka ceton ransa na yi, amma har yau in na tuna yadda ya juya baya don kada ya ga fitar keken, sai zuciyata ta karye. Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi hutawa, ni kuma ya yafe mini.