Hawan jinin da na ɓoye wa likita

Wata huɗu ban ce uffan a nan ba. Masu cigiya, ina nan da raina.

Waɗanda muka taso tare a Limawa, zamanin da aka fara shari'a, sun san ni: yarinyar nan mai kunya, mai ɓoye littafin soyayya cikin hijabi. Abin da ba ku sani ba, ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Shafi goma, hankalina ya yi gaba. In ƙona tuwo, a aike ni in manta saƙon. Aka ce aljanu ne, aka yi ruƙiyya, shiru.

Sai bana, da girmana, wani likita a Kano ya ce sunan abin ADHD, kuma akwai magani mai tattaro hankali.

Ya tambaye ni, "Kin taɓa hawan jini?"

Na taɓa, lokacin da nake da cikin ɗana na fari. To amma Hajiya surukata ce ta rako ni, tana zaune gefena. Yaya zan yi zancen cikin fari a gabanta? Na sunkuyar da kai.

Hajiya ta ce, "Lafiyarta kalau, likita."

Awon jinin ranar ya ɗan hau, muka ɗora wa gajiyar mota laifi.

Sati uku ina shan magani, sai ciwon kai, zuciya na dukan uku-uku. Na faɗi a madafa. Kwana huɗu a gadon asibiti nan Dutse, ana awon jini, ana awon zuciya, ni kuwa ina ta motsa yatsuna don tsoron shanyewar ɓarin jiki.

Hajiya ta ce, "Ƙwaya ce fa, 'yar nan. Zubar da ita, mutane na magana."

Ranar na fara ɗaga kai a gabanta. "Hajiya, su yi ta yi. Shiruna ne ya kwantar da ni."

Na koma na faɗa wa likita komai. Ya dakatar da maganin har jinin ya sauka, sannan ya mayar da ni kan kaɗan. Awo duk sati, ba goro, ba shayi mai kauri.

Ba zan zubar da maganin ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa Hajiya, ita ta yi jinyata, yanzu ma ita ke tuna min ranar awo.

'Yan'uwa, kada ku sha irin wannan magani sai likita ya san jininku. In kunya ta hana ku magana, ku roƙi a bar ku da shi ku kaɗai.

Jiya na gama littafin da na ajiye tun ina budurwa. Ashe masoyan sun yi aure.