Guga Biyu na Amm Sabir

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da na buɗe sito na tarar ƙasa ta yi ja ba. Ina shekarata ta biyu da zama mai kula da sito a wajen Alhaji Bashir, Bahaushen Sudan mai aika kaya daga Alƙahira zuwa Kano. Ɗaliban da ke zaune a unguwar Hay el-Sabi' in sun gama karatu mu suke kawo wa littattafansu, mu ajiye har a samu kwantena.

Siton dogon zaure ne na dutse a tsohon gari. Kasuwar nama ce a zamanin sarakunan Mamluk. Daga baya an zuba hatsi a ciki, an ɗaure dawaki, har makaranta an yi. Ƙugiyoyin rataye nama suna nan a sama, ba wanda ya cire su. Ko da rana tsaka ka shiga, sai ka ji kamar ka katse wa wasu hira. A tsakiyar daɓen akwai siririyar magudanar da jini ke bi a da.

Mai gadinmu, wani tsoho Bamasare da muke kira Amm Sabir, wato Baffa Sabir, duk Alhamis sai ya zuba ruwa guga biyu a magudanar nan. Na tambaye shi dalili, ya ce haka ya tarar wanda ya gada yana yi. Ni kuwa ga sabon digiri yana ɗibata, na ce camfi ne, kuma ganganci ne zuba ruwa kusa da takarda. Na kira magini ya shafe magudanar da siminti. Tsohon bai yi musu ba, ya dai ce, "Ma'alish, ba komai, ya ustaz. Gidan ya saba sha."

Mako biyu bayan haka kuliyoyin unguwa suka daina shigowa. Sai su jeru a bakin ƙofa suna kallon ciki. A mako na uku na tarar da jan ruwan nan, ya tsattsafo daidai layin magudanar, yana ƙarni kamar an gama yanka. Na kasa ɗaga kai in dubi ƙugiyoyin.

Kwalin da ya fi jiƙewa na Malama Rabi'atu ne, ɗaliba daga Sakkwato. Ranar da ta kawo shi sau biyu ta ja min kunne, domin akwai Alƙur'anin da mahaifinta marigayi ya rubuta da hannunsa.

Injiniyan da Alhaji ya kira ya ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ne mai gishiri da tsatsa. Magudanar ce hanyarsa, guga biyun kuma su ke wanke gishirin kada ta toshe. Na yarda. Da na tambaye shi ƙarnin fa, sai ya ɗaga kafaɗa ya fita waje ya ƙarasa bayaninsa.

Da hannuna na fasa simintin, da ƙafata kuma na kai wa Malama kwalinta. Shafukan sun manne, tawadar ta narke. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta shafa bangon ta ce, "Malam, shi kaɗai ya bar min."

Aikin sito ya koya min cewa tsohon ma'aikaci yakan riƙe abin da ya manta dalilinsa, kuma dalilin yana nan. Amm Sabir ya rasu bara. Ku da kuke dariya in kun gan ni da guga ranar Alhamis, yanzu kun ji.