Ƙasar Ƙofar Ɗaki da Na Aika Turai

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. A 1977 ina koyarwa a wata firamare a Kalgo, iyalina kuwa suna gida Gwandu wajen mahaifiyata, sai ƙarshen mako nake hawa babur in je in gan su. Lokacin ina ji da boko, kuma na kamu da wani son banza na musayar kati mai hoto da mutanen da ban taɓa gani ba, in samo adireshi a mujalla, in rubuta gaisuwa a bayan kati, in manna kan sarki in kai gidan waya Birnin Kebbi, su ma su aiko mini da hoton garinsu. Har bangon ɗakina na cika da su.

Cikinsu akwai wata tsohuwa a ƙasar Finlan, ita kullum hoton tafki da dusar ƙanƙara take aikowa. Rannan ta rubuto cewa tana tara ƙasar garuruwan duniya a 'yan kwalabe, in taimaka mata da ta garinmu. Ni gwanin burgewa, da na je Gwandu sai kawai na duƙa a ƙofar ɗakin matata, daidai inda 'yata Hadiza mai shekara huɗu ta gama wasa, na dumbuzo na zuba a ambulan. Ko a raina.

Bazara ta shigo, zafin da ko kaza sai ta buɗe baki, amma Hadiza ta fara kukan sanyi. Jikinta ba zazzaɓi, sanyi ƙalau kamar randa, haƙoranta na kaɗawa cikin bargo. An kai ta asibiti an ce ba a ga komai ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali, da an yi la'asar sai ta miƙe ta fice ta nufi arewa, ba gudu ba waige, har sau ɗaya sai a hanyar Dalijan wasu Fulani suka tsinto ta.

Ana cikin haka katin tsohuwar ya iso mini a makaranta da rana tsaka. Tafkin nan ne dai, amma a kan ƙanƙarar ga sawun yaro ba takalmi, ya miƙe zuwa wani ɗan gidan katako. Na kai shi gaban taga na duba da kyau, ƙafar hagu babban yatsa ya karkace waje, haka na Hadiza yake tun haihuwa. Innalillahi! A bayan katin tsohuwar ta rubuta layi ɗaya, wai ta gode, gidanta ya daina shiru.

Ko ajin ban sallama ba na hau babur. Da na faɗa wa Inna komai, ta dafe ƙirji ta ce, "Ƙasar ina kaɗ ɗebo?" Na ce ta ƙofar ɗaki. Ta ce, "Kai dai boko ya cinye ka. Sawun ɗiyakka kab ba wadda ba ka sani ba? Maza ta maido muna abinmu!"

Na rubuta wa tsohuwar ina roƙon ta maido ƙasar. Makonnin da muka yi muna jira, malamai na ta addu'a, yarinya na ta ramewa, da dare Inna na ɗaure ƙafarta da tata da zane, ban taɓa jin tsoro irinsa ba. Da ambulan ya dawo ba ko kalma a ciki, sai ƙasar, a jiƙe, da sanyin da ya sa na yar da shi. Inna ta yi bisimilla ta zuba ta inda na ɗebo, ta sa Hadiza ta taka. Kafin magariba yarinya ta yi gumi ta nemi fura.

Tana sha ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, tsohuwag ga ta yi kuka da nit taho. Ta ce ba duka tam maido ba."

Hadiza yanzu tana da jikoki, amma ko a tsakiyar bazara ƙafarta ta hagu sanyi gare ta. Ni ban ce matar nan mayya ce ba, Allah shi ya san gaskiya. Amma don Allah, ku yi zumunci da kowa a duniya, in ya nemi ƙasar gidanku, ku ce masa babu.