Sunan Ɗan Fari

Na yi shekaru masu yawa ina gyaran rediyo a wata ƴar rumfa a Zango, kusa da inda ƴan kabu-kabu suke tsayawa yanzu. Idan na gama haɗa waya na ɗiga dalma, nakan murɗa allura in ji ko ta kama. Kafin in kai tashar Hausa sai na ratsa ta kan wasu muryoyi masu magana da Ingilishi, kamar mutane suna hira a ɗaki an rufe ƙofa. Ban taɓa tsayawa ba. Karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce firamare ba, kuma Faransanci aka koya mana, shi ma da bulala. Ingilishi na ƴan bokon Kano ne, ba ruwana da shi.

Jikata ce ta kai ni gare shi da furfurata. Ɗana na fari ya yi karatu a nan Damagaram, ya wuce Yamai, daga can ya samu tafiya Ingila. Ya zauna, ya auri ƴar can, suka haifi mace. Idan ya kira waya ya juyo mini fuskarta, sai ta yi ta zuba, ni kuwa in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Jika abokiyar wasa ce, amma yaya za ka tsokani wadda ba ta jin ka? Wata rana ta yi wata tambaya, na ga uwar ta kawar da kai, uban kuma bai fassara mini ba. Na matsa masa sai da ya faɗa mini.

"Baba, cewa ta yi wai ko ka manta sunana ne. Tana jin sunanta a bakinka, tana jin na ƙannena, amma ba ta taɓa jin nawa ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, uwa ma haka. Kunya ce da muka gada. Ba ka yabonsa a gaban mutane, ba ka nuna kana ji da shi. Idan kana neman sa sai ka ce "kai", ko ka ce wa wani "kira mini yaron nan". Haka ubana ya yi wa yayana har ya koma ga Allah. Amma daga baya ƙanwar yaron ta tsegunta mini cewa matarsa ta ɗauka akwai wani abu a zuciyata game da shi. An yi mata bayani, ta ce ta ji, sai dai tana shakkar kawo yarinya gidan da za ta ga ana yi wa ubanta haka. A lokacin suna shirin zuwa bayan kaka, zuwansu na farko. Na san idan ya tafi a karkace, shi ne na ƙarshe.

A unguwarmu akwai wani mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko, da ya koyar da Ingilishi a lise, wato babbar sakandare, har ya yi ritaya. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaurensa, ya jingina allo da bango, ya koya wa ƴan kasuwa masu ƙetara iyaka. Na je na zauna a cikinsu. Wanda ya fi kowa baki shi ne wani mai sayar da kayan babur, sa'ar ɗana na uku.

"Baba, kai kuma me za ka saro da Ingilishi? Ko amarya aka yi maka a can?"

"An yi," na ce masa. "Shekararta shida, kuma ta fi ka iya magana."

Mushe ya taɓa zama a Ingila a ƙuruciyarsa, an tura shi ƙaro ilimi, kuma ba ya koyar da ƙa'ida sai ya haɗa ta da halin masu harshen. Ran da ya koya mana lamirai na kasa rufe baki. Mu muna da "kai", muna da "ke", muna da "ku" ta girmamawa. Faransanci ma ya raba na manya da na yara, kuma na sha duka a kan haka. Su kuwa kalma ɗaya ce. Da ita za ka yi wa jariri magana, da ita za ka yi wa alƙali, da ita za ka yi wa taron jama'a. Na tambaye shi to ina suke ajiye girmamawar.

"A cikin tsawon jimla," in ji shi. "Idan kana jin nauyin mutum ba ka ce ba ni ruwa. Sai ka ce, ko za ka iya, idan ba damuwa, ka taimaka mini da ruwa. Kafin ka gama ƙishin ya wuce."

Haka muka yi ta tafiya. Ya koya mana yadda aikatau yake sake kama idan abu ya wuce, wasu su bi hanya, wasu su bijire sai an haddace su ɗaya-ɗaya. Ya nuna mana wani lokaci da suke da shi na abin da ya fara tun da can kuma har yanzu bai yanke ba, kamar mutum ya ce ina jira tun safe. A tsakanin haka yake ba mu labarin mutanen da za ka taka wa ƙafa su ba ka haƙuri, waɗanda suke bin layi ko su biyu ne, waɗanda duk gaisuwarsu ba ta kai tsawon atishawa ba amma za su tsaya su tattauna ruwan sama kamar manoman Gaffati. Ya ce a wata kakar rana ba ta faɗuwa sai lokacin da mu mun daɗe da yin lisha. Nakan koma gida in ba matata labari, ta ce mushe ya samu tsofaffi yana yi musu tatsuniya. Ni dai abin da ya cika mini ciki shi ne, ashe duk shekarun da nake murɗa allura, bayan waccan ƙofa akwai mutane da nasu irin ladabin, da nasu abin da suke jin kunya.

Sai muka iso darasin iyali. Kowa zai miƙe ya ce wannan matata ce, wannan ɗana ne, sunansa kaza. Da aka zo kaina na fara daga ɗana na biyu, na jero su har auta ban yi tuntuɓe ba. Na zauna.

"Malam, ka tsallake ɗaya," in ji mushe.

"Ban tsallake ba. Ka san shi."

"Allon bai san shi ba."

Mai kayan babur ya ce, "Mushe, ƙyale shi. Baba zai faɗi sunan Fir'auna sau goma kafin ya faɗi wannan."

Aka yi dariya. Mushe bai yi ba. Ya ajiye alli ya ce zai ba mu labarin gidan da ya sauka a can. Mai gidan tsohon direban bas ne. Wata rana babban ɗansa ya shigo ya ce ya samu aikin da yake nema. Tsohon ya miƙe daga kan abinci, ya kira sunansa da ƙarfi, ya rungume shi, ya ce masa ina alfahari da kai, a gaban uwar, a gaban baƙo.

"Ni ne na ji kunya," in ji mushe. "Na zuba wa kofin shayina ido har ya huce. Daga baya na gane a wurinsu wanda bai yi hakan ba shi ne ya yi abin kunya."

Ni kuwa wata rana ce ta faɗo mini. Ranar da aka kafe sakamakon babbar jarrabawa, yaron nan ya zo rumfata a guje, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya ce ya ci, kuma shi ne kan gaba a makarantarsu. Akwai mutane a kan benci. Ina riƙe da ƙarfen dalma. Na ce masa, "To. Matsa, ka tare mini haske." Ya matsa. Al'ada ba ta hana ni aika masa da sabuwar riga ta hannun kakarsa ba, kamar yadda wasu iyaye suke yi a kaikaice. Ni ban yi ba.

Washegari na rufe ƙofar rumfa, na ƙure wata rediyo, na gwada. Da Hausa sunan ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Na sake gwadawa da jimlar mushe, wannan ɗana ne, sunansa kaza. Sai ya fita. Na waiga kamar wani ne ya faɗa. Har yau ban gama mamakin wannan ba. Harshen bai san ubana ba, bai san unguwarmu ba, ba wanda ya taɓa tsawata mini a cikinsa. Kamar rigar aro ce, ka sa ta ka yi tafiyar da ba taka ba.

Suka iso ana tsakiyar ɓarar gyaɗa. Surukata ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar da aka koya mata, amma idonta yana kaina duk lokacin da mijinta ya yi mini magana. Da hantsi muna zaune a tsakar gida, jikata ta gano ina jin ɗan abin da take faɗa, sai ta mai da ni ɗalibinta. Ta nuna akuya, na faɗa. Ta nuna randa, na kasa, ta ce ni raggo ne, na ce mata na fasa auren. Ta nuna kakarta, na ce wannan matata ce, kishiyarki. Uban ya fassara mata ƙarshen, ta tuntsire da dariya. Sai ta juya ta ɗora yatsa a kan gwiwar ubanta, ta tambaye ni wannan fa, wane ne.

Matata ta dakata da ɓarar gyaɗa. Na dubi yarinyar, ban dube shi ba, na faɗi jimlar yadda mushe ya koya mana, da sunan a ƙarshenta. Na ƙara da wadda tsohon direban ya faɗa, ko da yake ina jin na karya ta.

"Malam," in ji matata, hannunta a baki, "me na ji a ciki?"

"Ingilishi ne, ba ki iya ba."

"Wannan kalmar dai na iya ta."

Yaron ya miƙe ya tafi wajen randa, ya ɗebi ruwa ya tsaya da moɗa a hannu bai sha ba, ya ba mu baya. Matarsa ta bi shi da kallo, sannan ta dube ni, ta ja tabarmarta kusa da ta matata ta ɗebi gyaɗa ta fara ɓara. Jikata kuwa gyara ta yi mini, wai ba haka ake furta kalmar tsakiya ba.

Sun sake zuwa bayan wannan, kuma suna maganar wani zuwan. Har yanzu da Hausa "kai" nake ce masa, bakina bai saba ba, ba na kuma jin zai saba. Amma idan ya kira waya yanzu, ba ya fara sallama da tambayar gida. Da Ingilishi yake farawa, ya ce wa ke magana da ni, ya san da wa yake magana? Sai in faɗa masa jimlar nan, da sunansa a ƙarshenta. Sannan ya ce, "Baba, ina wuni," mu shiga gaisuwa.