Neman Wayar da Kawu Zai Iya Gani

Daga gida zuwa Kunci

Ranar Talata muka tashi, ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba. Mu biyu ne, ni da Kawu Haruna, yayan mahaifiyata. Ni malamin firamare ne a ƙauyenmu, shi kuwa manomi ne da ya haura shekara sittin, kuma har yau ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Abin da ya fitar da mu waya ce. Mako biyu kafin nan an turo saƙo a zauren ƙungiyar manoma na waya cewa za a raba irin gyaɗa ranar Laraba. Kawu ya karanta Lahadi. Ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya je wurin rabon ya tarar ba kowa sai awaki kwance a farfajiya. Nan take ya yanke hukunci cewa gilashin wayarsa ne ya dushe. Da yamma a majalisa Alhaji Sabo mai gidan kaji, wanda suke takun saƙa tun suna samari, ya zaro tasa sabuwa ya ce a nan ko tururuwa ce ta yi rubutu za a karanta. Aka yi dariya. Kawu ya rantse sai ya sayo wayar da ta fi kowace fuska kyau a birnin Kano. Ya ɗaure kuɗin takin bana a aljihun ciki, ya kuma gaya wa dillali ya zauna da shiri, in kuɗin bai kai ba a sayar da ɗaya daga cikin bijiman huɗa. Mahaifiyata ta kira ni gefe ta ce, "Nasiru, ka bi shi. Kada ka bari damina ta same shi babu taki babu sa."

Babur ɗaya muka hau mu biyu. Tsakaninmu da Kunci kilomita tara ne, duk cikin gonaki, an gama shara an jibge takin gida tuli-tuli ana jiran ruwan farko. Shida da minti goma muka sauka a tasha, muka karya da koko da ƙosai.

Kunci zuwa Bici

Motar mai cin mutum shida ce, aka zuba mu tara. Direban ya liƙa wayarsa a gaban sitiyari, wata doguwa mai lanƙwasasshen gefe, gilashinta ya tsage daga sama har ƙasa. Kawu bai ɓoye wa kowa abin da zai kai shi birni ba, don haka kafin mu fita gari motar ta zama majalisa.

"Baba, in za ka ji tawa, kada ka sayi mai lanƙwasa," in ji direba. "Kyau kam akwai shi. Amma sau ɗaya ta faɗo daga aljihuna a gidan mai, ka ga yadda ta koma. Da na tambayi kuɗin canza gilashin, sai na ga gara in canza tayoyi huɗu."

Wata 'yar kasuwa a baya ta ce ita dai mai naɗewa ce waya, ɗan ƙanwarta yana da ita, a buɗe kamar allo, a rufe kamar sabulu. Wani mai buhun barkono ya ce duk ƙarya ne, wayar da ba ta kwana uku da caji ba waya ba ce.

Sau biyu aka tsayar da mu a shinge. A na biyun, mai kakin da ya leƙo ya ji ana gardama, sai ya manta da takardun mota ya zaro tasa wayar ya ce a faɗi gaskiya, akwai mai hasken wannan? Duk muka ce babu. Ya ɗaga mana hannu muka wuce. Kawu ya raɗa min cewa shi bai ga wani haske ba.

Bakwai da rabi muka isa Bici. Muka sha fura a bakin tasha, muka shiga bas ɗin Kano, kimanin kilomita arba'in da 'yan kai. Cunkoson shiga gari ya ci mana kusan awa guda.

Kasuwar waya

Goma da kwata muka shiga kasuwar. Wani mai shago, Auwalu, ya hango babbar rigar Kawu tun daga nesa, ya taso da kansa ya ba shi kujera ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ya jera manyan wayoyi uku a kan wani jan ƙyalle.

"Baba Alhaji, waɗannan su ne shugabanni. Wannan ta farko fuskarta a miƙe take, gefenta siriri kamar zare, ba a ɓata wuri ba ko kaɗan. Ta biyu gilashinta ya zubo ta gefe kamar ruwa. Ta uku kuwa," ya buɗe ta a hankali, "waya ce da safe, talabijin da yamma."

"Wannan ɗigon baƙi a goshinta fa?" na tambaya.

"Idon kyamara ne, Malam. Wannan kamfanin huji ɗaya ya yi. Wancan kuwa ya ja nasa ya yi tsawo kamar ƙwayar magani, har ya raɗa masa suna. Masu wannan ba sa ga maciji da masu wancan a kan hujin nan."

Ya kunna hoton wani tsuntsu mai launi bakwai a kan duka ukun. Ya ce mu lura da baƙin, wai baƙi ne na gaskiya, ba irin baƙin ƙananan wayoyi ba da ke da sirkin toka. Ya ja yatsa sama da ƙasa ya ce mu ga yadda rubutu ke sulɓi babu gargada. Ni kam na gani, kuma ban taɓa ganin ja mai kyan wannan ba ko a zanen amare.

Kawu ya ce shi ba tsuntsu ya zo gani ba. Ya sa na tura hoton bijiminsa cikin duka ukun, sannan ya ce a fita da su rana, tunda shi ba a ƙarƙashin fanka yake noma ba. Auwalu ya biyo mu waje da wayoyin rungume a ƙirji, gumi na keto masa. Kawu ya ɗauki ta farko, ya kawo ta dab da hanci, ya miƙar da hannu har ƙarshe, ya karkata kai. Ya yi wa ta biyu haka, ya yi wa ta uku.

"Duk ɗaya ne," ya ce. "Kamar an shafa musu man shanu. Yaro, jabu ka fito min da su don ka ga na zo daga ƙauye?"

Auwalu ya yi rantsuwa har da cire hula. Muka bar shi muka shiga shago na biyu, da na uku, da na huɗu. Kafin azahar Kawu ya duba waya goma sha ɗaya ya kushe goma sha ɗaya, ya kuma yi wa 'yan kasuwar wa'azi a kan algus. Muka yi sallah, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa. Yana suɗe hannu ya ce ya yanke shawara: mai naɗewar nan ta shagon farko zai saya, don a cikinta ne kaɗai ya bambance ƙahon bijimin da kunnensa. Kuɗinta ya fi abin da ke aljihunsa nesa ba kusa ba. Ya zaro tsohuwar wayarsa ya ce in nemo masa lambar dillali.

Na san in na ce kada ya saya, na gama saya masa. Sai na ce, "Kawu, babban abu irin wannan a saye shi Malam Ilu bai sa albarka ba? Ga Minjibir nan kusa." Malam Ilu amininsa ne, tare suka yi karatun allo. Na ga Kawu yana auna daɗin da zai ji in ya ba Malam Ilu labarin wayar da ke naɗewa. Ya ce mu je.

Minjibir

Huɗu da rabi bas ta tashi, muka isa ana kiran magariba. Malam Ilu ya sauke mu a ɗakin baƙi kusa da zaurensa, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Ba a yi maganar waya ba sai da gari ya waye.

Da hantsi muna zaune a zaure, Kawu ya kwashe labari duka, tun daga awakin farfajiya har zuwa 'yan kasuwar da suka haɗa baki su cuce shi. Malam Ilu bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Ba ni wadda ta dushen in gani."

Ya gyara zaman tabaransa, ya buɗe saƙon ya karanta tiryan-tiryan, har da sunan wanda ya turo. Sannan ya cire tabaran ya miƙa wa Kawu.

"Me zan yi da shi? Ni ba tsoho ba ne."

"Haruna, da damina biyu ka girme ni. Sa."

"Idona garau yake. Daga ƙofar gida nake gane akuyata a cikin garke."

"Da kukanta kake gane ta. Sa mana, ba mai ganinka sai ni da ɗanka."

Kawu ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi. Ya ɗora a hanci, ya dubi wayar. Na ga leɓensa yana motsi, harafi bayan harafi.

"Laraba," ya ce a hankali. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabaran. "Nasiru, kai ka canza rubutun?"

Malam Ilu ya yi dariya har da tari. Kawu bai yi ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce ya fi shekara biyu rabonsa da karatu a Alƙur'aninsa, da ka yake yi, yana cewa bugun ne ya yi ƙanana. Dariyar Malam Ilu ta tsaya. Ya dafa kafaɗarsa ya kwatanta mana wani asibitin ido a birni inda aka yanka masa nasa.

Komawa Kano

Tara muka tashi, goma da rabi muna kan layi. Da aka zo kanmu, ma'aikaciyar ta nuna wa Kawu allon haruffa. Ya karanta layin sama da ƙarfin murya, a na uku ya ce allon nasu ya dushe. Ta yi murmushi ta ce haka dattawa da yawa ke faɗa. Aka auna shi, aka ce ba yana ba ce, tabarau mai hawa biyu kawai yake bukata, na nesa da na kusa. Ƙarfe biyu ya fito da shi a fuska, kuɗinsa bai kai na buhun taki ɗaya ba.

Na ɗauka mun gama. Sai ya ce mu koma kasuwar waya. Duk hanya ina addu'a a zuci.

Auwalu ya tarbe mu da fara'ar wanda ya tabbata ciniki ya dawo. Ya sake shimfiɗa jan ƙyallen. Kawu ya fara da ba shi haƙuri a kan maganar jabu, sannan ya zauna ya duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin awa. Ya ga tsuntsun ya ce tubarkalla. Ya ga bijiminsa har da ƙudan da ke kan doronsa.

"To yanzu na ga abin da kuke faɗa," ya ce. "Mai lanƙwasar nan ta fi ado, amma rana na walƙiya a gefenta, kuma tana cinye harafin ƙarshe. Mai naɗewa tana da kwari a tsakiya kamar na kunyar gona, ya raba min sa gida biyu, jiya ban gani ba. Mai miƙaƙƙiyar fuska ita ce ta gaskiya, ta fi su haske a rana. Da ni ne alƙali ita zan ba."

"Madalla, Baba Alhaji! Ita za a ɗaure?"

Kawu ya ɗaga 'yar takardar farashin da ke jikinta, ya karanta da kansa, a karo na farko. Ya ajiye ta a hankali. Ya zaro tsohuwar wayarsa ya ɗora a kan jan ƙyallen.

"A manna min ledar kariya a kan wannan. Mai kyau."

Isowa gida

Uku da rabi muka bar Kano. A Bici muka tsaya Kawu ya sayi takinsa, ya karanta rubutun kowane buhu kafin a ɗora. Daga Kunci aka ɗauko mana kayan a amalanken babur, shi kuwa duk hanya yana nuna min abubuwa kamar baƙo: wane ya ci iyakar wane, rumbun wane ya karkace, ashe tsamiyar bakin rafi ta bushe.

Shida da kwata muka yi sallama a gidansa. Matarsa, Inna Hansai, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta amsa. Kawu ya tsaya cak a bakin ƙofa yana kallonta, har ta tsargu ta gyara ɗankwali.

"Hansai," ya ce, "yaushe kika yi furfura haka?"

Ta ajiye rariya ta dube shi daga hula har takalmi. "Malam, ai ni ban taɓa daina ganin taka ba, kuma ban ce komai ba. Shigo, ruwa na kan wuta."

Ya shiga yana murmushi, bai cire tabaran ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina kuma gode wa Malam Ilu da iyalinsa bisa saukar da suka yi mana, da Auwalu mai shago, wanda ya ba mu ruwan sanyi kwana biyu a jere ya sayar mana da leda ɗaya.