Sunan da Kakata Ba Ta Iya Furtawa

A lokacin ina sabon malamin Turanci a wata sakandare a Gaya, kaina ya kumbura, ina ganin duk ƙauyenmu Kademi babu mai ilimina. Kakata ta wajen uba tana raye. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Maigida, domin sunan marigayi mijinta aka sa mini. Kullum na je gaishe ta sai ta ce wannan miji nata ba ya kawo cefane sai surutu, ni kuma in ce zan sake ta. Har yau ina jin ƙamshin daddawar da take shanyawa a tsakar gida.

Wata ranar Asabar wani abokina ya kawo mini baƙo a babur, dattijo baƙar fata daga Amurka. Ya ce kakan kakansa bawa ne da aka kai can tun kafin Turawa su ci Kano. Kakan nan ya tsufa yana noman auduga, ya bar wa 'ya'yansa abu uku: sunan garin Gaya, labarin marina a gindin tsamiya, da sunansa na yanka. Mu kuwa asalinmu marina ne, shi ya sa aka turo shi gidanmu. Na kai shi wurin kakata, na zauna ina tafinta. Da ya faɗi sunan, ban gane komai ba, don ya tauye a bakinsu tsawon zamani. Kakata ta sa ya maimaita. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta nuna ni da baki ta ce ga maigidanta nan zaune. Kunya ta kama ni, na ɗauka tsokanar da ta saba ce take yi a gaban baƙo. Na ce masa tsufa ya kama ta, ba ta san sunan ba. Ya yi godiya, ya ba ni katinsa, ya tafi. Ban ma san inda na jefar da katin ba.

Sai da damina ta wuce kakata ta tambaye ni yaushe ɗan'uwanmu zai dawo. Na ce wane ɗan'uwa. A ranar ta ba ni labarin da na sha tashi in bar ta tana yi. Ta ce mahara sun sace wani yaron gidanmu a hanyar kai shuni kasuwa, uwarsa ta roƙi kada a bar sunansa ya mutu a gidan. Tun daga nan kowane zamani sai an mayar wa wani sunan, har ya zo kan mijinta, ya zo kaina. Ta ce ita ina za ta iya kama sunan miji da bakinta, ai ta nuna mini shi.

Ta rasu tana sa rai zai dawo. Na nemi mutumin har na gaji, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Ina roƙon matasa masu yi wa tsofaffi tafinta, ku tambayi abin da shirunsu yake nufi kafin ku ce sun rikice. Bawan Allah ya tsallako teku yana neman wanda ya riƙe sunan kakansa, ni mai sunan na gaya masa da Turancina cewa ba mu san shi ba.